Wa ke sayo mana wutar lantarki?

Daga Ɗan Gulbi nake gaishe ku, cikin gundumar Dakoro, jihar Maradi. Da fatan an gama roron wake, an kai hatsi rumbu lafiya.

Maganarmu ta yau wani dattijo ne ya jawo ta. Kwanan baya muna cikin aji da dare, muna bitar baƙin W. Na ce kowa ya kawo kalma. Wani ya ce wake, wata ta ce wuƙa, wani ya ce wuta. Sai wannan dattijo, mai injin niƙa ne a wani ƙauye kusa da mu, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, wutar murhu na san ta, itace nake sa mata. Amma wutar waya da nake gani in na tafi Maradi, an ce mini daga Nijeriya ake sayo ta. To, wa ke zuwa sayen? Da tiya ake auna ta ko da buhu?"

Aka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don kuwa a daren nan ba ni da cikakkiyar amsa. Na ce masa: "Baba, ka ba ni mako biyu." Na je na yi tambaya, na yi karatu. Abin da na samo shi ne zan gaya muku yau. Mai allo ya jawo allonsa, mai littafi ya buɗe, akwai lambobin da za mu rubuta.

Mu fara da abu ɗaya wanda in ba a gane shi ba, sauran duk ba za su shiga ba. Wutar lantarki ba ta da rumbu. Hatsi in ka noma, sai ka ɗaure dami, ka zuba a rumbu, ka ci har bazara. Ruwa in ka jawo, sai ka zuba a randa. Wutar da ke bin waya ba haka take ba. A daidai lokacin da inji ya haife ta, a lokacin nan ake shan ta. Na san wani zai ce: ai batir yana ajiye wuta. Gaskiya ne, yana ajiyewa, amma kaɗan. Wutar da za ta ishi babban gari kamar Maradi ko Damagaram, dare da rana, dole inji ya riƙa juyawa a wani wuri ba tsayawa. In ka taɓa makunni a ɗakinka ƙwai ya kama, to ka sani a wannan ƙiftawar ido wani inji mai nisan ɗaruruwan kilomita ya ƙara ɗaukar nauyi saboda kai.

Ke nan mai sayen wuta ba zai tafi kasuwa ran Juma'a ya sayo ta mako guda ba. Sai dai ya ƙulla yarjejeniya da mai inji: kullum ka turo mini kaza, ni kuwa ƙarshen wata zan biya ka kaza. Sayen wuta sayen alkawari ne.

Yanzu ga amsar tiya da buhu. Ƙarfin wuta da wat ake auna shi. Ku rubuta: wat. Ƙaramin ƙwan lantarki irin na yanzu yana cin kamar wat 10. Wat 1,000 shi ne kilowat 1. Kilowat 1,000 shi ne megawat 1. Ashe megawat 1 zai kunna ƙwai 100,000 masu wat 10 a lokaci guda. In kun ji rediyo na cewa tasha kaza tana ba da megawat kaza, ga abin da ake nufi. Amma kuɗi ba a kan ƙarfi kaɗai ake biya ba, har da daɗewa. In ka kunna abu mai cin wat 100 har awa 10, ka sha kilowat 1 na awa guda. Wannan ita ce tiyar wuta. Ita mita ke ƙirgawa, mitar nan da ake liƙawa a bangon gida, wadda mutanen birni ke kira kwantar.

To, wa ke sayo mana? A ƙasarmu kamfanin gwamnati ne, wanda muke kira Nijelek. A takarda ga yadda ake rubuta shi: NIGELEC. Kada G ɗin nan ya ruɗe ku, rubutun Faransanci ne, J ake karanta shi. An kafa shi a 1968. Aikinsa uku: ya samar da wuta da injinansa, ya sayo wadda ba ya iya samarwa, ya kai ta gidaje da shaguna ya karɓi kuɗi. Ku ɗauke shi kamar ɗan kasuwa mai sari. Shi ke ɗauko kaya da yawa, mu kuwa muna saye kaɗan-kaɗan.

A wannan shekara ta 1968 aka gama gina wata babbar madatsar ruwa a Nijeriya, a wani wuri da ake kira Kainji. An fara aikinta a 1964. Kogin da aka datse ba wani ba ne illa kogin Isa, wanda mutanen Nijeriya ke kira Kwara. Daga duwatsun ƙasar Gine yake tasowa, ya ratsa Mali, ya shigo Nijar, ya wuce ta Yamai da Gaya, sannan ya faɗa Nijeriya. A Kainji aka tare shi da bango, ruwa ya taru ya zama tafki. In aka buɗe masa ƙofa, sai ya gangaro da ƙarfi ya juya manyan injina, injinan su haifi wuta. Injinan da aka sa wa tashar sun kai megawat 760. Ba kyauta aka samu wannan ba: tafkin ya cinye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa, an tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu mazauni.

Me ya sa Nijar ta je sayen wuta can, ba ta yi tata ba? Lissafi ne. A waɗannan shekaru wutar Yamai daga injinan gazuwal take fitowa. Gazuwal ɗin kuwa daga bakin teku ake ɗauko shi, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye. Baba mai injin niƙa ya san wannan ciwo: duk ranar da gazuwal ya hau, kuɗin niƙa ya hau, mata su yi ta ƙorafi. Ruwan kogi kuwa ba a sayen shi. In an gama bango, ruwa ne ke aiki. Saboda haka ƙasashen biyu suka daidaita, aka kafa turakun ƙarfe, aka ja waya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. A 1976 wutar Kainji ta fara haska babban birninmu.

Akwai wata magana da manyan Nijeriya suka sha faɗa game da wannan ciniki. Suna cewa suna ba Nijar wuta ne don kada ta datse kogin daga sama, ruwa ya ragu a Kainji. Mu mutanen jihar Maradi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga yadda gulbin Maradi ya canja tun da aka yi madatsar Jibiya a ƙasar Katsina. Wanda ke sama da kai a kan ruwa, yana riƙe da wani abu naka. A kan kogin Isa mu ne a sama. A kan waya su ne a sama.

Wutarmu ta nan tsakiyar ƙasa ba ta Birnin Kebbi take biyowa ba. Ta Katsina take shigowa. A 1994 aka ja waya daga Katsina zuwa Gazawa, can kan babbar hanya tsakanin Agye da Tasawa. A Gazawa ta rabu biyu: reshe ɗaya ya yi gabas zuwa Damagaram, ɗaya ya yo yamma zuwa Maradi, daga nan ya miƙe wajen Malbaza da ƙasar Tawa. Wutar da ke cikin wannan babbar waya tana da ƙarfin bolt 132,000. Ta cikin gida bolt 220 ce. Ana ɗaga ta sama haka ne don kada ta tsiyaye a hanya, sannan a bi da ita ta cikin taransifoma a sauko da ita mataki-mataki kafin ta shiga gida. Makiyaya da ke sauraro, ku gaya wa yara: ba a hawan waɗannan turaku, ba a ɗaure dabba a jikinsu, ba a ɗaga doguwar sanda ƙarƙashin wayar. Ba sai ka taɓa ta take kisa ba.

Arewa kuwa tata hanyar daban. Agadas da Arlit daga gawayin ƙasa na Anu Araren suke samun wuta, wanda kamfanin SONICHAR ke haƙowa yana ƙonawa tun 1981. Wasu garuruwa masu nisa kuma injin gazuwal ne nasu na kansu.

Yanzu bari in kai ku wata ƙasa, don ku ga wata dabara. Kun san yadda muke yi in za a sayi takin zamani. In kowa ya tafi shi kaɗai, ya sayi tiya biyu, ya biya kuɗin mota, to tsada ta kashe shi. Amma in gari ya haɗa kuɗi, aka tura mutum biyu amintattu suka sayo buhu 100, farashi ya sauka, mota ɗaya ta isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, ƙasashe ma suna yin haka da wuta.

Togo da Benin ƙananan ƙasashe ne maƙwabtan juna, can kudu bakin teku. A lokacin Benin sunanta Dahome. A 1968, shekarar nan dai da muka riga muka rubuta sau biyu, suka kafa hukuma ɗaya ta su biyu, ana kiran ta CEB, mazauninta a Lome. Kowace ƙasa tana da kamfaninta mai raba wuta gida-gida. Amma ba kowane kamfani ke zuwa ciniki ba. CEB ce ke zuwa a madadinsu. Ita ke sayo wuta daga madatsar Akosombo ta ƙasar Gana, ita ke da manyan wayoyi, ita ke raba wa kamfanonin biyu, kowa gwargwadon bukatarsa. A 1987 ta sami madatsarta ta kanta a Nangbeto, kan kogin Mono, mai megawat 65. A 2007 aka ja mata wata waya daga wajen Ikko, ta fara sayen wutar Nijeriya ita ma.

Wannan tsari ya yi shekara 50 yana aiki, ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya gamu da cikas iri biyu, kuma ina so ku ji su da kyau, don duka biyun mun san su a ƙungiyoyinmu na ƙauye.

Na farko, fari. A 1998 ruwa ya ja baya ƙwarai a tafkin Akosombo. Gana kanta wuta ba ta ishe ta ba, ina ta ga ta sayarwa? Lome da Kwatano suka shiga duhu wata da watanni. Haɗa kai ya sa sun sami rahusa, amma duk su biyun rijiya ɗaya suke sha. Da rijiyar ta ja, tare suka ji ƙishirwa.

Na biyu, bashi. Ku bi ni sannu a hankali. Mai shago ya sha wuta bai biya ba. Ofis ya sha wuta bai biya ba. Kamfanin ƙasa bai tara kuɗi ba, sai ya kasa biyan hukumar tsakiya. Hukumar tsakiya ta kasa biyan mai madatsa. Mai madatsa ya ce zai rage. In ya rage, wa ke shiga duhu? Har da wanda ya biya nasa tsaf. Haka bankin hatsi ke mutuwa a ƙauye: mutum goma sun ɗauki hatsi da bazara, shida sun mayar da kaka, huɗu sun ce sai baɗi. Shekara uku, rumbu ya zama wayam. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na ƙungiya ya fi saurin kisa. A Togo da Benin bashi ya taru, har shugabannin ƙasashen biyu suka sake tsari: daga farkon 2019 kowace ƙasa ta koma sayo wutarta da kanta, CEB kuwa aka bar ta da kula da manyan wayoyi da madatsarta.

Akwai wata ƙungiya da ta fi wannan girma. A 1999 shugabannin ƙasashen CEDEAO, wadda a Nijeriya ake kira ECOWAS, suka yanke shawarar haɗa wayoyin ƙasashe 14 na Afirka ta Yamma su zama kamar kasuwa ɗaya. A nan Yamai, a taron watan Janairu na 2006, aka amince da dokokinta. Masu Turancin Ingilishi suna kiran ta WAPP, masu Faransanci EEEOA. Mazauninta a Kwatano. 'Ya'yanta ba mutane ba ne, kamfanonin wuta ne, kuma Nijelek na cikin waɗanda suka shiga. Ita ba ta sayen wuta da kuɗinta kamar yadda CEB ta yi. Ta fi kama da sarkin kasuwa: ta tsara inda za a ja waya, ta nemo kuɗin aiki, ta sa doka, ta lura da wanda ya tura da wanda ya karɓa.

Mene ne amfanin irin wannan kasuwa? Allah bai ba kowa komai ba. Gine da Gana suna da koguna. Nijeriya tana da iskar gas. Mu muna da gawayin ƙasa, muna da rana wadda ba sai na ba ku labarinta ba. Ko da yake sunan garinmu Ɗan Gulbi, ba mu da ruwan da zai juya injin wuta, amma rana kam, a watan Afrilu har ta yi yawa. Kuma ba lokaci ɗaya kowa ke bukata ba. An fi shan wuta da magariba, sa'ad da kowane gida ya kunna ƙwai. Magaribar Damagaram tana riga ta Dakar da fiye da awa guda. In wayoyi a haɗe suke, wanda ya sami rara ya tura wa wanda ya gaza, gobe a rama masa.

Sai dai haɗa injinan ƙasashe ba kamar ɗaura igiya biyu ba ne. Mata, ku kun fi kowa sanin wannan. In ku uku kuna lugude a turmi ɗaya, dole kowace ta san lokacin da taɓaryarta za ta sauka. In ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi nawa, taɓare su haɗu, wata ta ji ciwo, hatsi ya zube. Injinan wuta ma lugude suke yi. Wutarmu tana kai da kawowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, wato ƙiftawar ido. Duk injin da ke kan waya ɗaya dole ya bi wannan kiɗa. In masu sha sun fi ƙarfin injina, kiɗan ya yi sanyi, in ba a yi maza an rage wasu ba, duk ƙasa ta ɗauke gaba ɗaya. Shi ya sa ake da mutanen da ba sa barci, suna zaune gaban na'urori suna kallon lambobi. Ƙungiyar ta gina babban ɗakin lura irin wannan a Abome Kalabi, kusa da Kwatano, aka buɗe shi a watan Nuwamba na 2023.

Na ce 2023. Kowa ya san abin da ya faru a shekarar nan. Ran 26 ga watan Yuli soja suka karɓi mulki a Yamai. CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi. A farkon watan Agusta Nijeriya ta tsayar da wutar da take turowa. Ba siyasa ta kawo ni gaban wannan na'ura ba, lissafi ya kawo ni, to ga lissafin. Kafin wannan rana, cikin kashi 10 na wutar da Nijelek ke rabawa, kusan kashi 7 daga Nijeriya suke zuwa. Ku zana sanda 10 a allo, ku goge 7. Abin da ya rage shi aka riƙa rabawa unguwa-unguwa: waɗannan su samu da safe, waɗancan da dare.

Ina da ƙane mai walda a Maradi. A watannin nan, in wuta ta zo ƙarfe biyu na dare, ƙarfe biyu na dare yake tashi ya kama aiki. Yaran shagonsa uku ya sallami biyu. Masu sayar da ƙanƙara, masu ɗinki da keken lantarki, masu niƙa, duk haka. A likita kuwa akwai allurar rigakafin yara da ba ta son zafi, dole ta zauna cikin firiji. Mu na ƙauye da muke cewa ba ruwanmu, mu ma ta taɓa mu, don garmar da ta karye a Maradi ake kai ta walda. Sai a watan Maris na 2024, bayan an ɗage takunkumi, wuta ta dawo. Wata bakwai ke nan.

Ku lura da abu biyu a nan. Ɗakin lura na Abome Kalabi an buɗe shi ne a daidai lokacin da wayarmu take a bushe. Ƙungiyar kamfanoni tana da dokokinta, amma shugabannin ƙasashe suna sama da ita, in sun yi magana sai ta yi shiru. Na biyu, a wancan lokaci wayar Yamai da wayar Maradi ba su haɗu da juna ba a cikin ƙasarmu. Kowace daga Nijeriya ta shigo, kowace ta tsaya ita kaɗai. Ko da Yamai ta sami rara, ba ta da hanyar turo wa Maradi. Kamar 'yan uwa biyu ne a gida ɗaya, ba ƙofa tsakanin ɗakunansu, sai an bi ta gidan maƙwabci.

Wasu sun ce daga nan: a daina sayen wuta a waje ke nan. Ni a nawa ganin, ba sayen ne laifi ba. Shekara 47 aka yi ana shan wutar nan da arha, an yi karatu da ita, an yi haihuwa a likita da ita. Inda aka yi sakaci shi ne dogara ga mai sayarwa ɗaya, ta ƙofa ɗaya. Manomin kirki yana zuwa kasuwa, amma ba ya zuwa da rumbu wayam a bayansa, don in mai hatsi ya gane ba ka da ko dami ɗaya a gida, shi ke yanka farashi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Me muke da shi namu? A Goru Banda, bayan kogi a Yamai, an buɗe tashar injina mai megawat 80 a 2017. A Malbaza an shimfiɗa farantan hasken rana masu megawat 7 a 2018. A ƙarshen 2023, cikin tsakiyar wahalar nan, wasu farantan masu megawat 30 suka fara aiki a Goru Banda, suka rage zafi. Akwai kuma madatsar Kandaji a jihar Tilaberi, wadda aka tsara don megawat 130. An aza tubalinta a 2008. Yaron da aka haifa a shekarar nan yau ya isa aure, shi ya sa in an ambaci Kandaji dattawa ke murmushi. A 2022 kuma aka ƙaddamar da aikin wata babbar waya mai bolt 330,000, wadda aka tsara ta taso daga Birnin Kebbi ta bi ta Yamai har Wagadugu, da reshe zuwa arewacin Benin.

Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO. Amma kogi bai canja hanya ba, Katsina ba ta matsa daga inda take ba, turakun Gazawa suna nan tsaye. Ko da wane suna aka kira zaman, dole masu wuta na ƙasashen nan su zauna su yi lissafi tare.

Na san abin da ke ran wasunku. Kuna cewa: Malam, mu da ko turke ɗaya ba mu gani ba a ƙauyenmu, me ya haɗa mu da Kwatano? Kuna da gaskiya ta wani gefe. A ƙasarmu, cikin mutum 5, kusan mutum 1 ne kawai ke da wuta a gida, kuma yawancinsu a birni suke. Ajinmu ma da fitila mai cajin rana muke karatu. Amma abin yana matsowa. Tun 2013 gwamnati ta kafa hukumar kai wuta karkara, ANPER. Wani gari waya ce za ta iso shi, wani gari farantan rana za a kafa masa da ƙananan wayoyi cikin gari. Ranar da abin ya zo, ku ne za ku zama ƙaramar CEB. Za a tara ku gindin bishiya, a ce ku kafa kwamiti, kamar yadda aka yi da famfo.

A ranar nan, kafin kowa ya dangwala yatsa a takarda, ku sa a karanta muku ita da Hausa, da ƙarfi, gaban kowa. Ku tambaya: nawa ne kilowat 1 na awa guda, kuma wa ke da ikon ƙara kuɗin? In batir ya mutu bayan 'yan shekaru, wa zai sayi sabo, daga wane asusu? In mai injin niƙa da mai walda da likita duk suna son wuta lokaci guda kuma ba ta isa ba, wa za a fara ba? Wannan ta ƙarshe ku yanke ta tun ana zaman lafiya. Mu mutanen Dakoro mun san yadda ake raba lokacin jan ruwa a rijiya mai zurfi: ba ranar da shanu suka taru suna kuka ake yin wannan shawara ba. Mai riƙe kuɗi kuma ya zama daban da mai riƙe littafi, kuma a sa mata cikin kwamitin, don su ke biyan kuɗin niƙa kullum, sun fi mu sanin inda dala ke shiga.

Da na koma aji na gaya wa Baba duk wannan, sai ya yi shiru, sannan ya ce: "To Malam, koya mini karanta tiyar." Shi ne aikin gida na wannan mako, ku ma ku yi shi. A ce mita ta nuna 1,240 a farkon wata. A ƙarshen wata ta nuna 1,275. Ku rubuta babbar lamba a sama, ƙaramar a ƙasa, ku ɗebe. Kilowat nawa aka sha? Na biyu: ƙwai mai wat 10, ana kunna shi awa 5 kowane dare. Dare nawa zai yi kafin ya cinye kilowat 1 na awa guda?

Sannan ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: wuta, waya, wat, mita, bashi. Wanda ke da ɗan uwa a Dakoro ko Maradi mai tsohuwar takardar kuɗin wuta, ya aro ta ya kai wa malaminsu, a duba inda aka rubuta tsohuwar lamba da sabuwa. Malamai, ku tattara amsoshin ku aiko mana ta hannun mai kula da yaƙi da jahilci na gundumarku, za mu karanta sunayen cibiyoyin da suka ci.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.